Darasi Na 14: Dushewar Sautin Jitar Lantarki da Aikin Raba Koyil

Duk wanda ya tashi cikin ganuwa, tsakanin Ƙofar Mata da gindin Dala, da kalangu da kukuma da algaita kunnensa ya saba, ba da jita ba. Ko da waƙoƙin fim suka mamaye gari a ƙarshen shekarun 1990, fiyanon Yamaha ne ya yi musu kiɗa a situdiyo. Duk da haka jitar lantarki ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Bala Miller da ƙungiyarsa sun rera Hausa a kan kiɗan jita tun shekarun 1970, Sa'adu Bori ya yi haka a Maraɗi, majami'u da otal-otal na Sabon Gari kuwa sun daɗe da ita. Daga baya wata iska ta kaɗo daga arewa. Mdou Moctar, Ba'abzinen Nijar da yanzu yake cika dandali a Turai da Amurka, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko mai suna Anar a 2008, waƙoƙin kuma suka bazu daga waya zuwa waya ta katin memori. Kiɗansa da na Bombino ɗan Agadas kiɗa ne mai kaifi, kowace tsirkiya tana fita tar.

Matashin da ya saurari irin wannan kiɗa, ya tara kuɗi ya sayo jitar gwanjo, sau da yawa murnarsa ba ta kwana. Yana jonawa sai ya ji abin da ke fitowa daga sifika ya yi kauri ya dushe, kamar mai magana ta bayan amawali. Tsirkiya shida ya kaɗa, amma kunne ya kasa rarrabe su. Abokai ba sa rasa shawara: wani ya ce a canza fikof, wani ya ce a raba koyil. Ta farko tana cin kuɗi, ta biyu tana cin aiki, kuma a mafi yawan lokuta babu wadda ta taɓa inda ciwon yake. Don haka wannan darasi zai bi matsalar daga abin da ba ya cin ko kwabo zuwa abin da ke bukatar dalma. Mai gyaran rediyo da ke da mita da ƙarfen narka dalma a teburinsa ya riga ya mallaki kusan duk abin da aikin ke nema, saura sanin abin da zai auna.

Abin da ke ƙarƙashin tsirkiya

Fikof ba makirufo ba ne. Ba ya jin iska, ƙarfe yake ji. Maganaɗisu ne da aka zagaye da siririyar wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita 0.063, naɗi dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa a samansa, sai 'yar wuta ta taso cikin naɗin, ta bi kebul zuwa amfilifaya. Fikof ɗin Fender Stratocaster, jitar da ta fito a 1954 kuma irinta Mdou Moctar yake kaɗawa, koyil ɗaya ne mai naɗi wajen 8,000, kuma wayar jikinsa in aka warware ta za ta kai kimanin kilomita guda. Mai rewayin fanka zai gane aikin da kallo ɗaya, sai dai wayar da yake naɗawa ta fi wannan kauri nesa ba kusa ba.

Aibin koyil ɗaya shi ne ba tsirkiya kaɗai yake saurare ba. Duk taransifoma ko wayar wuta da ke kusa, yana kwaso ƙuginta. Wutar Najeriya da Nijar tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, kuma wannan shi ne gurnanin da ake ji a sifika ko ba a taɓa jita ba. Seth Lover, injiniya a kamfanin Gibson, ya nemi rajistar maganin abin a 1955, aka fara sa shi a jitar Les Paul a 1957. Koyil biyu ya jera gefe da gefe, ya juya fuskar maganaɗisu a ɗaya, ya kuma juya hanyar da wuta ke bi a cikinsa. Ƙugi in ya shigo koyilan biyu sai ya kashe kansa da kansa, sautin tsirkiya kuwa ya haɗu ya ƙaru. Wannan fikof shi ake kira hambaka.

Amma ba a samu shirun a banza ba. Koyil biyu da aka haɗa a jere sun fi ɗaya nauyi, nauyin da ake aunawa da henri: na Stratocaster yana tsakanin henri 2 da 3, hambaka irin na da wajen henri 4, masu naɗi da yawa kuwa suna kai 8. Wannan nauyi yana haɗuwa da abin da kebul ke riƙewa na wuta, su biyun su ƙayyade inda sautin fikof ya fi tashi, kuma daga wannan tudu zuwa sama sautin yakan faɗi da sauri. Kebul na yau da kullum yana riƙe kimanin fikofarad 100 a kowace mita. Hambaka mai henri 4 a kan kebul na mita 3, tudunsa yana wajen Hz 4,000, inda kunne ke jin kaifi. A mayar da kebul ɗin mita 10, tudun ya sauko kusan Hz 2,400. In fikof ɗin mai henri 8 ne a kan wannan dogon kebul, sai ya gangaro wajen Hz 1,700. A misalin farko ba a taɓa jitar ba, ba a canza makaɗi ba, amma kusan rabin kaifin ya tafi a hanya.

Akwai kuma dalili na biyu. Hambaka yana sauraren tsirkiya a wuri biyu lokaci guda, don haka wasu ƙananan girgizoji masu ba da zaƙi suna soke juna. Hambakan da ke wajen wuyan jita ya fi fama da wannan, domin a nan tsirkiya ta fi lilo, bes ya fi yawa.

Kafin a ɗauki sukudireba

Gwajin farko ba ya bukatar wuta. A kaɗa jitar ba tare da an jona ta ba, a kasa kunne. Idan ta dushe a haka, babu fikof ɗin da zai cece ta, domin fikof ba ya ƙirƙirar abin da tsirkiya ba ta ba shi ba. Yanayin Kano ba ya tausaya wa tsirkiya. Gumin bazara yana cin ta, ƙurar hunturu tana shiga tsakanin naɗin manyan tsirkiyoyi ukun nan ta daskare da maiƙon hannu, damina ta zo ta ƙarasa da tsatsa. Jitar gwanjo kuwa babu wanda ya san shekarun tsirkiyar da ta zo da ita. A sa sabbi, a riƙa goge su da tsumma bayan kowane kiɗa. Haka nan a tabbatar na jitar lantarki ne, masu naɗin nikel ko ƙarfe. Masu ruwan tagulla na jitar da ba ta lantarki ba ne, kuma maganaɗisu ba ya jin naɗinsu sosai, sai manyan su yi rauni ƙananan su yi ƙara.

Na biyu shi ne inda kebul ya nufa, kuma a nan ne da yawa suke faɗawa. Wanda bai da amfilifayar jita yakan jona kai tsaye cikin miksar masu sautin biki ko ta situdiyo. Ƙofar shigar amfilifayar jita om miliyan ɗaya ce, ramin layi na miksa kuwa bai wuce om dubu goma zuwa ashirin ba. Gwargwadon ƙanƙantar wannan lamba, gwargwadon yadda kaifin fikof ke zurarewa ƙasa kafin ya isa ko'ina. Hambaka a irin wannan rami ba zai taɓa fita tar ba, ko na wane kamfani ne. Maganin shi ne a nemi ramin da aka rubuta wa Hi-Z ko Inst in miksar tana da shi, ko a sa akwatin DI mai batir a tsakani. Feda irin ta Boss ma tana yin wannan aiki ko a kashe take, muddin akwai batir a cikinta. Da irin wannan feda kusa da makaɗi, kebul ɗin da ya biyo bayanta yana iya tsawo yadda aka so.

Sai maɓallan amfilifaya. Kunnen da ya saba da sautin biki yana son bes, hannu kuma yakan kai maɓallin bes ƙarshe tun kafin a saurara. Babbar tsirkiyar jita tana girgiza sau 82 a daƙiƙa, ƙaramar sau 330, cunkoson da ke dagula sauti kuma yana taruwa ne tsakanin Hz 200 da 400, daidai inda hannun hagu na mai fiyano da jitar bes suke zaune su ma. A rage bes zuwa uku ko huɗu cikin goma, a rage gen in ya yi yawa, a ɗaga amfilifaya daga ƙasa a ɗora ta kan kujera. Ƙaramin ɗaki mai kaurin bango, irin na gidajen cikin birni, yana ƙara wa bes ƙarfi, musamman in an kai sifika kusurwa. Sautin da ya yi wa makaɗi siriri in yana shi kaɗai, sau da yawa shi ne daidai in sauran 'yan ƙungiya suka shigo.

In duk wannan bai wadatar ba, sai a ɗauki sukudireba, amma don sukuru biyu kawai, na gefen fikof. Fikof da ya matso tsirkiya da yawa yana ba da ƙarfi, sai dai ƙarfi ne mai kumburi. A danne tsirkiya a firet na ƙarshe, a auna tazarar da ke tsakaninta da kan fikof: wajen milimita 2.5 a ɓangaren manyan tsirkiyoyi da milimita 2 ko ƙasa kaɗan a ɓangaren ƙanana wuri ne mai kyau na farawa. Ga hambakan wuya da ya dushe, a saukar da ɓangaren bes rabin juyi, a saurara, a ƙara. Wasu sukan saukar da fikof ɗin gaba ɗaya sannan su ɗago sukurori shidan da ke kansa, abin da ke sa koyil ɗaya ya ɗan rinjayi ɗan'uwansa, sauti ya washe. Aikin minti biyar ne, kuma ya isa ya hana mutum sayen fikof.

Cikin tumbin jita

A ɗauki misalin da duk mai gyara zai iya cin karo da shi. An kawo jita mai hambaka biyu shagon gyaran rediyo, mai ita yana cewa sauti ya toshe. Maigidan shago ya kifa ta a kan tsumma, ya kwance murfin baya. Ciki akwai bolum da ton da suwic, dalmar jikinsu duk ta yi duhu saboda tsufa, in ban da ta bolum ɗaya da ke sheƙi, ga kuma alamar ƙuna a robar wayar da ke kusa. Ya haska fitilar waya a bayan bolum ɗin, ya karanta: B50K. Wani ya riga shi zuwa nan. Bolum na asali ya lalace, aka ciro na rediyo aka sa, tunda girmansu ɗaya kuma yana ƙara murya yana ragewa.

A rediyo 50K ba laifi ba ne. A jita kuwa bolum yana tsaye ne tsakanin wayar sauti da as, wato wayar ƙasa, ko da an buɗe shi ƙarshe, kuma ta cikinsa kaifi ke zuba. Shi ya sa aka saba sa wa hambaka 500K, mai koyil ɗaya kuma 250K don a ɗan tausasa shi. Hamsin kashi ɗaya ne cikin goma na abin da ake bukata. Ko manyan kamfanoni sun taɓa wannan lamba: Gibson ta koma sa 300K a yawancin jitocinta a cikin shekarun 1970, kuma makaɗa da yawa sun mayar da nasu 500K don neman haske. Kada kuma a yarda da rubutun jiki kawai. A cire waya, a ɗora mita a ƙafafu biyu na gefe, domin kamfanoni suna barin kuskuren da ya kai kashi 20 cikin ɗari, wanda aka rubuta wa 500K yana iya karanta 420K. Harafin gaba ma yana da magana: A yana bin yadda kunne ke jin ƙaruwar murya, B kuwa yana tafiya daidai-wa-daida. A500K ne abin nema.

Kapasitar da ke jikin ton ita ce ta gaba. Lambar jikinta ta isa: 223 tana nufin maikurofarad 0.022, wadda aka saba gani da hambaka. 473 ita ce 0.047, 104 kuwa 0.1, wadda ke haɗiye sauti da zarar an murɗa ton baya. Sai dai gaskiyar da masu sayar da kaya ba sa faɗa ita ce, in ton yana buɗe ƙarshe, girman kapasita ba ya canza wani abin a zo a gani, balle tsadarta. Abin dubawa shi ne ko ƙafarta tana taɓa as kai tsaye, ko an juya haɗin ton, ta yadda kullum a rufe yake. Gwajin mai sauƙi ne: a zare ƙafa ɗaya ta kapasita a saurara. In sauti ya buɗe farat ɗaya, an kama mai laifi.

Wani makaɗin kuma ba ya kuka sai in ya rage bolum. A goma jitarsa tana fita, a shida ta dushe. Wannan ɗabi'ar bolum ce, ba lalacewa ba. Ana magance ta da ƙaramar kapasita mai lamba 102, wato 0.001, haɗe da resista 150K, a ɗora su tsakanin ƙafar shiga da ta tsakiya. Ga hambakan wuya mai bes fiye da kima akwai wata dabara: a sa kapasita 472 ko 222 a jere da wayar sautinsa, ta tare ƙasan sauti ta bar sama ya wuce. Wasu jitocin G&L, kamfanin da Leo Fender ya kafa a ƙarshen rayuwarsa, suna da maɓalli na musamman mai rage bes ta irin wannan hanya.

Sai yanzu aka zo kan fikof ɗin kansa. Ana iya auna shi ba tare da an kwance komai ba: a jona gajeren kebul, a buɗe bolum ƙarshe, a sa mita a 20K, a taɓa kan jak da jikinsa. Hambaka irin na da yana karanta tsakanin 7.5K da 8.5K, masu zafi irin Seymour Duncan JB suna kai 16K, Stratocaster wajen 6K. A tuna cewa jan ƙarfe yana ƙara om da zafi, kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri. Lambobin kamfani an auna su ne a ɗaki mai sanyi, don haka fikof mai 8K yana iya nuna 8.6K a shago da ranar Afrilu, kuma lafiyarsa ƙalau. Inda fikof yake da laifi na gaske shi ne masu arha da aka cika wa naɗi don su yi ƙarfi, da masu murfin farin ƙarfe da aka yi da tagulla aka shafe, domin irin wannan murfi yana shan kaifi. Waɗannan ne kawai suka cancanci a yi maganar canzawa.

Raba koyil

Raba koyil shi ne a kashe ɗaya daga cikin koyilan hambaka a bar ɗaya yana aiki. Wasu jitoci da shi suke zuwa: Yamaha Pacifica 112V, in aka ja maɓallin ton ɗinta sama, hambakanta ya koma koyil ɗaya. Ga wadda ba ta zo da shi ba, sharaɗin farko shi ne wayoyi. Fikof mai waya ɗaya cikin saƙar ƙarfe an haɗa koyilansa a ciki, kuma buɗe shi aiki ne da ke iya tsinka wayar da ido da ƙyar yake gani. Wanda ake iya rabawa cikin sauƙi shi ne mai wayoyi huɗu masu launi da tsirarar waya ta biyar. Kowane koyil yana da farko da ƙarshe. Biyu daga cikin huɗun an murɗe su tare an naɗe da tef, kuma wannan mahaɗa ita ce gadar da ke tsakanin koyilan.

Launi ba abin dogaro ba ne, domin kowane kamfani da nasa. A Seymour Duncan baƙa ce wayar sauti, koriya ta as, ja da fara su ne gada. A DiMarzio ja ce ta sauti, baƙa da fara su ne gada. Fikof ɗin da ba a san kamfaninsa ba, mita ce za ta faɗa: wayoyi biyun da suka karanta rabin jimla koyil ɗaya ne. In aka kai gada as, koyil ɗaya ya mutu. In aka kai ta wayar sauti, ɗayan ne ya mutu. Don a san wanda ya rage, a jona amfilifaya a ƙwanƙwasa kan kowane koyil a hankali da bakin sukudireba. Mai rai zai amsa da ƙarfi, ɗayan ya amsa can ƙasa-ƙasa.

Suwic ɗin da ya fi dacewa shi ne bolum ko ton mai ja da turawa, tunda ba sai an huda jikin jita ba. Yana da ƙafafu shida a layi biyu. Gada tana zuwa ƙafar tsakiya, as kuma yana zuwa ƙafar da tsakiya ke haɗuwa da ita in an ja, wadda yawanci ita ce ta kusa da jikin bolum, amma a tabbatar da mita kafin a narka dalma. Layi na biyu yana iya ɗaukar hambaka na biyu. Kafin saye a auna zurfin ramin jita, domin wannan bolum dogo ne, a kuma duba kaurin wuyansa, tunda na Amurka ya fi na Asiya kauri. Ƙarfen dalma mai wat 30 zuwa 40 ya isa. A kankare bayan bolum kafin a ɗora dalma, kada a daɗe ana gasa shi, kuma ruwan asid na masu liƙin lagireto bai da wuri a nan, zai ci wayoyin cikin 'yan watanni.

Abin da ya kamata mai gyara ya faɗa wa mai jita tun kafin ya karɓi kuɗinsa shi ne rabin hambaka ba Stratocaster ba ne. Koyil ɗaya na hambaka irin na da naɗinsa wajen 5,000 ne, yana karanta 4K, maganaɗisunsa kuma a ƙasa yake kwance, ba sanduna shida ba ne a tsakiyar naɗi kamar na Fender. Murya za ta ragu, sauti ya yi siriri, a kan bolum 500K har yakan yi tsini. Masu 14K zuwa 16K su ne suka fi kyau in an raba su, domin rabinsu ya kai cikakken koyil. Kuma in dushewar daga miksa take ko daga bolum na rediyo, rabawa ba za ta kore ta ba, sai dai ta mayar da ita dusasshen sauti mara ƙarfi.

Sannan ƙugin da Seth Lover ya kora zai dawo. A ɗakin da janareta ke aiki a bayan taga, ga sitabilaiza a ƙasa, ga cajar waya da ƙwan LED mai arha, kuma soket ɗin bai da as, koyil ɗaya yana iya yin gurnanin da ya fi kiɗan ƙara. Liƙa takardar jan ƙarfe ko ta alminiyom cikin ramin jita a haɗa ta da as yana rage tsitsin ƙwan fitila da caja, amma ba ya taɓa ƙugin taransifoma. Wannan sai dai makaɗi ya matsa nesa ko ya juya jikinsa har ya sami inda ya lafa. Saboda haka a yanayi irin na Kano haɗin gefe-da-gefe ya fi rabawa amfani, a ganin wannan darasi. A wannan haɗi koyilan biyu suna aiki, amma maimakon wuta ta bi ɗaya ta shiga ɗaya, kowanne yana kai nasa kai tsaye. Nauyi ya sauka zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, sauti ya washe, ƙugi kuma bai dawo ba. Yana cinye ƙafafu shidan suwic ɗin duka don fikof ɗaya, amma ya cancanci hakan. Akwai kuma hanyar tsakiya da kamfanin PRS ke amfani da ita: a kai gada as ta cikin resista mai 1K zuwa 2K da ɗoriya, koyil na biyu bai mutu gaba ɗaya ba, murya ba ta faɗi sosai ba, ƙugi ma ya ɗan ragu.

Maganar as ba ta tsaya ga sauti ba, ta shafi rai. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da as ɗin amfilifaya ta wayar da ke zuwa jaki, wato ƙarfen da suka hau a ƙasan jita. In amfilifaya ta lalace kuma babu as, ko makirufo yana kan wata wutar daban, makaɗi ne zai zama hanyar wuta. Haka Les Harvey na ƙungiyar Stone the Crows ya rasu a kan dandali a Swansea ta Birtaniya a 1972, haka kuma Keith Relf, tsohon mawaƙin Yardbirds, ya rasu a gidansa a 1976. Kada a karya ƙafar as ta filogi don a kashe ƙugi. Wanda ya ji leɓensa na tsatsa in ya kusanci makirufo yana riƙe da jita, ya ajiye ta nan take a kira mai aikin wuta.

Aikin aji

Ɗalibai su kasu uku-uku, kowane rukuni da hambaka mai waya huɗu da mita. Da farko su gano koyilan biyu ba tare da duba launi ba, su rubuta abin da kowanne ya karanta. Daga nan su yi haɗi uku da 'yan maƙalai, ba da dalma ba tukuna: a jere, a rabe, da gefe-da-gefe. Fikof mai 8K a jere ya kamata ya nuna kusan 4K a rabe, kusan 2K a gefe-da-gefe. In mita ta nuna sifiri, wayar sauti tana taɓa as. In ba ta nuna komai ba, gada ta rabu ko koyil ya tsinke. In lambar ta yi daidai amma da aka jona amfilifaya sautin ya fito siriri ta hanci, ga kuma ƙugi, an juya farko da ƙarshen koyil ɗaya, sai a musanya wayoyinsa biyu a sake saurare. Rukunin da ya samu haɗi ukun daidai shi ne zai fara narka dalma a kan suwic a zama na gaba, kuma kowane ɗalibi ya zo da bolum A500K da ya auna da hannunsa.